Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Tsaron Najeriya: Ina Aka Kwana Kan Tudun Biri?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya jiƙan dakarunmu da suka kwanta dama a fagen fama, ya ba iyalansu haƙuri, ya kuma dafa wa waɗanda ke cikin daji a daidai lokacin da nake wannan rubutu.

Daga Kaduna nake rubuto maka kan bam ɗin da jirgin soja ya sakar wa masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, kuma ba sai na gabatar maka da garin Kaduna ba. Da wuya a sami babban hafsa a ƙasar nan da bai sha ruwan Kaduna ba. A nan makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA take tun 1964, a nan ake ɗaukar yaro ɗan sakandare a mayar da shi mai anini. A Jaji kwalejin manyan hafsoshi take tun 1976. A Zariya ake horar da kurata tun 1924. Ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya, ga sansanin sojan sama ta wajen Mando, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, ga asibitin sojoji na 44, ga makarantar manyan bindigogi a Kachiya. Mu muke sayar muku da tumatir, mu muke koyar da 'ya'yanku, wasunmu ma surukanku ne. Maƙwabci na da haƙƙin ya yi magana idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Maganata ɗaya ce. Rundunar sojan Najeriya tana da ladabi da biyayya, babu mai musun wannan, amma ladabin nata sama kawai yake kallo. Idan ƙaramin soja ya saɓa wa na gaba da shi, hukunci ba ya kwana. Idan kuwa farar hula aka yi wa laifin, sai a kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, ya miƙa rahoto, daga nan sai shiru.

Bari in kawo abin da kowa ya sani. A watan Mayun 2014 wasu sojoji suka harbi motar kwamandansu a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kafin watan Satumba ya fita, kotun soja ta yanke wa 12 daga cikinsu hukuncin kisa. A Disambar shekarar aka sake yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Daga baya, a ƙarshen 2015, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A wannan shekara ta 2015 ne kuma maganar dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta fito fili, aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargi, shari'a kuwa ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A 2020 kotun soja ta kori wani Manjo Janar, tsohon kwamandan Runduna ta Takwas a Sakkwato, kan miliyoyin nairorin da sojojin rakiya suka gudu da su a hanyar kawo su Kaduna. Ashe dai ana iya yin shari'a a gama ta, a kuma faɗa wa duniya sakamako, idan an taɓa martabar kwamanda ko kuɗin runduna.

To sai mu juyo ɗaya ɓangaren. A tsakiyar Disambar 2015 aka yi abin da aka yi a Zariya tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. Gwamnatin jihar Kaduna ta kafa kwamitin bincike na shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. Kwamitin bai wanke ƙungiyar ba, ya faɗi laifinta na tare hanya da rashin mutunta hukuma, ya ambaci sojan da ya rasa ransa. Amma ya kuma ce an kashe fararen hula 348, an binne 347 a rami guda ta wajen Mando, an yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, kuma ya kamata a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Ni ba ɗan wannan ƙungiya ba ne, ina ma cikin waɗanda suka sha zama a mota awa da awanni saboda tattakinsu. Sai dai haushin tare hanya ba ya halatta jinin mata da yara, kuma ba mu ga sojan da aka tsayar gaban alƙali a bainar jama'a kan wannan ba. A 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya kafa wani kwamitin ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill don duba yadda sojoji ke kiyaye haƙƙin ɗan Adam. Mutane suka yi tafiya mai nisa suka ba da shaida, wasu suna kuka. An miƙa rahoto, ba a buga shi jama'a sun karanta ba.

Sannan Tudun Biri, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro.

Daren Lahadi, 3 ga Disambar 2023, mutanen wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi suna taron Mauludi, jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya sakar musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce da jama'a suka rugo ɗaukar 'yan uwansu sai aka sake sako na biyu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce sun haura 120, yawancinsu mata da ƙananan yara. Aka yi ta kwaso masu raunuka zuwa asibitin Barau Dikko a cikin gari. Wanda ya ratsa ta wannan hanyar a makon ya ga dangi zaune a gindin bishiyoyi da tabarmi da kwanonin abinci da ba wanda ya iya buɗewa.

Zan faɗi abin da aka yi daidai, don zalunci ne a ɓoye shi. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ce, ba ta tsaya dogon musu ba. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, shugaban sojan ƙasa na lokacin, ya taka da ƙafarsa har ƙauyen, ya tsaya a bakin kabari, ya nemi gafara. Ba mu saba ganin haka ba, kuma mutanen Kaduna sun riƙe masa wannan har bayan rasuwarsa a 2024. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin bincike, mataimakinsa ya zo jaje, aka yi alƙawarin sake gina ƙauyen. A watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kammala bincike, kuma sojoji biyu za su fuskanci kotun soja. Ba a faɗi sunayensu ba, ba a faɗi muƙaminsu ba, ba a fitar da rahoton ba.

Ranka ya daɗe, ina aka kwana? An yi zaman kotun? Me aka same su da shi? Su biyun nan, su ne masu zaune gaban allon kwamfuta, ko kuwa su ne suka ba da izinin a saki bam ɗin? Tambayar nan ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin jirgi marar matuƙi ba mutum ɗaya ke sarrafa shi ba. Akwai wanda ya kawo bayanan sirri, akwai wanda ya dubi hoton ya ce waɗannan 'yan bindiga ne, akwai wanda ya kamata ya tabbatar daga wata majiyar daban, akwai mai cewa a harba. Idan aka kashe taron Mauludi, to ko dai ɗaya daga cikin matakan nan babu shi sam, ko kuma akwai shi an tsallake. Kowanne daga ciki gyaransa daban. Hukunta mutum biyu a ɓoye ba ya gaya mana wanne ne aka gyara.

Akwai kuma abin da ba a koya a littafin yaƙi. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Zazzau ya san Mauludi ba ya ƙarewa da watan Rabi'ul Awwal. Makarantun Islamiyya kan yi ta yin nasu bi da bi har watanni biyu ko uku bayansa, kuma da daddare ake yi, a fili, da lasifika da janareto, yara a jere a gaba, mata a gefe guda, baƙi daga ƙauyukan kewaye sun zo a kan babura. Daga sama, ga wanda bai san ƙasar ba, tarin babura da daddare a bakin daji abu ɗaya kawai yake nufi. Ga ɗan ƙasa kuwa yana iya zama Mauludi, ko biki, ko zaman makoki, ko 'yan kasuwa masu haramar sammako. Na san za a ce ba a iya kiran dagaci a tambaye shi kafin kai hari, saboda masu tsegunta wa ɓarayin daji sun yi yawa. Gaskiya ne, mu ma mun san da su. Amma tsakanin kiran dagaci da sakin bam akwai hanyoyi da dama: a ci gaba da kallo na wasu mintuna, a sa wanda ya san al'adar wurin a ɗakin da ake duba hoton, a riƙa tattara ranakun taruka daga hakimai tun kafin lokaci ba tare da an gaya musu dalili ba. Ɓarawon da ya kuɓuce yau ana iya samunsa gobe. Yaran Tudun Biri ba za a sake samunsu ba.

Da a ce sau ɗaya ne, da sai mu ce ƙaddara mu yi shiru. Amma akwai Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira. Akwai Mutumji a Zamfara a Disambar 2022, akwai makiyayan da aka kashe a yankin Doma na jihar Nasarawa a Janairun 2023. Bayan Tudun Biri ma, ranar 25 ga Disambar 2024, sai ga labarin ƙauyukan Silame a Sakkwato. Ni malamin makaranta ne har na yi ritaya, kuma abin da na sani shi ne ɗalibin da ba a mayar masa da takardarsa ya ga inda jan biro ya taɓa ba, kuskuren da ya yi a wannan zango shi zai maimaita a na gaba, ko da an zane shi. Rahoton da aka kulle a durowa ba ya koyar da kyaftin ɗin da zai zauna gaban allon nan baɗi.

Kada a ɗauka tausayi kawai nake roƙo. Maganar cin nasarar yaƙin ce. Mutanen Kaduna sun ga abin da rashin bayanan sirri ke jawowa. A Maris ɗin 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, jifa kaɗan daga NDA. A ranar 24 ga Agustan shekarar aka shiga NDA ɗin kanta, aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris ɗin 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ba daga sama suka faɗo ba. Sun ratsa gonakin mutane, sun sayi mai da burodi a wani wuri, wani ya ga wucewarsu. Me zai sa manomi ya ɗauki waya ya kira soja? Sai idan ya yarda cewa ba za a tona shi ba, ba za a kama shi a ce da shi ake yi ba, kuma jirgin da zai zo ba garinsu zai faɗa wa ba. Wannan yarda ba a sayenta da buhun shinkafa ko rijiyar burtsatse, duk da amfaninsu. Ana samunta ne ranar da talaka ya ga an hukunta mai kaki saboda shi.

Ta kan fara lalacewa ne tun daga ƙananan abubuwa. Wanda ya zauna a garin nan a shekarun tashin bama-bamai, wajen 2012, ya tuna yadda ake sauka daga babur a tura shi a wuce shingen bincike, a kashe fitilar mota a kunna ta ciki. Mun yi, ba mu yi ƙorafi ba, don mun san dalili. A Nuwambar shekarar har cikin barikin Jaji aka kai harin bam coci. Abin da mutane ba su manta ba shi ne tsallen kwaɗo da birgima a kwata saboda an amsa waya kusa da shinge, da magidanci mai furfura da ake sa wa kama kunne a gaban matarsa. Babu dokar da ta ba soja wannan iko. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta ware mai kaki ba, kuma sashe na 217 na tsarin mulki cewa ya yi soja na taimaka wa hukumar farar hula ne wajen maido da doka da oda, bai ce ya zama ɗan sanda da alƙali da gandiroba a lokaci guda ba.

A bariki na tashi, shi ya sa abin ke min ciwo. Mahaifina saje ne mai igiya uku, ya yi yaƙin basasa. Ni nake hura masa gawayin dutsen guga da asuba, kakinsa ya sha sitati har yana iya tsayuwa shi kaɗai, takalmi kuwa sai an bi shi da kyandir da tsumma da ɗigon ruwa har ka ga fuskarka a ciki. Wata rana a kasuwar mami wani kurtu ya ɗauki rake a gaban wata tsohuwa ya juya zai tafi bai biya ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya kira shi, ya sa shi ya ƙame, ya ce ya ciro kuɗin ya miƙa mata da hannu biyu, ya kuma ce mata "Iya, ki yi haƙuri" da bakinsa. Sai da aka yi haka sannan ya tura shi gadirum, ɗakin da ake tsare sojan da ya yi laifi. Da muka koma gida na tambaye shi me ya sa bai kai shi gadirum ɗin kawai ba, sai ya ce gadirum tsakaninsa da soja ne, ita tsohuwar ba za ta gani ba. Bai yi karatun boko mai zurfi ba, amma abin da nake roƙonka a wasiƙar nan bai wuce wannan ba.

Wani zai ce biyayya ita ce ƙashin bayan soja, idan aka fara koya wa kurtu tambayar umarni runduna ta rushe. Mutanen Kaduna sun fi kowa sanin inda biyayya tsagwaronta take kai mutum. Daren 15 ga Janairun 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu, babban malami a kwalejin horon soja ta garin nan, ya fita da sojoji da sunan atisayen dare. Da yawansu ba su san inda za a kai su ba sai da suka tsinci kansu a ƙofar gidan Sardauna, inda Arewa House yake a yau. Umarni suka bi. A daren aka kashe Firimiya da matarsa Hafsatu, aka kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde, manyansu na soja. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Saboda haka ƙwarewar soja ba ta tsaya ga cika umarni ba, ta haɗa da sanin umarnin da doka ta haramta. Kuma a nan dole in yaba: tun 1999 rundunar nan ta zauna a bariki ta bar mulki ga farar hula, alhali Mali da Burkina Faso da maƙwabciyarmu Nijar duk sun koma hannun masu kaki a 'yan shekarun nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rundunar da ta iya kame kanta daga kujerar mulki, ta kai Laberiya da Saliyo zaman lafiya da jinin 'ya'yanta, ba za ta gagara buga rahoto ba.

Shi ma ƙaramin sojan yana bin runduna bashin gaskiya. Wanda aka bari a daji ya wuce wa'adinsa ba a canje shi ba, alawus ɗinsa na maƙalewa a hanya, ya ga abokinsa ya mutu matarsa na yawon ofis-ofis da fayil a hannu tana neman haƙƙin marayu, da wace zuciya zai tsaya a shinge ya yi wa direba magana mai daɗi? Ba ina ba shi uzuri ba ne. Ina cewa ne hafsan da ya ci kuɗin abincin yaransa yana da kaso a marin da yaron ya yi wa ɗan acaɓa. Mutane irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya kwanta dama a Malam Fatori a 2016, sun nuna akwai hafsoshin da yaransu ke bi don ƙauna. Irin su ya kamata ƙarin girma ya riƙa samu tun suna raye. Binciken kuɗi kuwa a bar babban mai binciken kuɗi na tarayya da kwamitocin majalisa su yi aikinsu. Ba kowace takardar sayen taya da man dizal ce sirrin tsaro ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma duk yana cikin ikonka. A fitar da rahoton Tudun Biri, a rufe abin da ya shafi sirrin na'ura da sunayen majiyoyi, a bar sauran. A sa shi cikin darussan NDA da Jaji, shi da na Rann da na Zariya, a riƙa zama a kansu awa da awanni kamar yadda ake zama kan yaƙe-yaƙen Turai, a ma riƙa kai ɗalibai ƙauyen, tunda daga Afaka ba wata tafiya ba ce. Teburin karɓar koken haƙƙin ɗan Adam da sojan ƙasa suka buɗe tun 2016, mutumin Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru bai san da shi ba. A yi shelarsa a rediyo da Hausa da sauran harsunan jihar, a kuma riƙa faɗin koke nawa aka karɓa a shekara da abin da aka yi a kansu. Diyyar wanda aka kashe bisa kuskure ta zama tsari rubutacce da kowa ya san ƙa'idarsa, kada ta dogara ga yawan surutun da aka yi a Facebook ko tausayin gwamnan da ke kan kujera.

Kafin duk waɗannan, akwai mai sauƙi da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A tura babban hafsa ɗaya daga Runduna ta Ɗaya zuwa Tudun Biri, a tara iyayen yaran da hakimi da limamai, a karanta musu da Hausa abin da bincike ya gano, da hukuncin da aka yanke wa mutum biyun nan, da abin da aka canza a yadda ake ba da izinin kai hari. Idan kuma ba a yi shari'ar ba, a gaya musu hakan da ranar da za a yi ta.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya, ɗan tsohon soja,
Kawo, Kaduna.